Mun ci tuwon gidan Arzika, sannan muka cire sunansa

Da safen nan labarin ya iske ni. Arzika ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsaye ina jiran ruwan shayi ya tafasa sai waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Ƙanwarsa ce, Hajara. Ta ce, "Malama Zalika ce? Yaya dai ya cika. Tun ran Litinin anka yi mai sutura a Dumega."

Yau Juma'a. Kwana huɗu yana cikin ƙasa, mu da muke kiran kanmu ƴan'uwansa ba wanda ya sani.

Na sanar a gurup ɗinmu na masu rubuta manhaja. Kafin azahar kowa ya ɗora hotonsa. Daga Dakar, daga Kotonu, daga Akra, har Turai. "Gwarzonmu." "Uban tafiyarmu." Hawaye ko'ina.

Na yi ta karantawa har abin ya ishe ni. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Yana da tsawo, ku yi haƙuri. Wanda zai ji haushi ya ji, ni ma ban fitar da kaina ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Arzika ɗan Dumega ne. Ya yi lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi, ya tafi Yamai ya karanci ilimin kwamfuta, ya samu aikin rubuta manhaja ta intanet da kamfanonin waje. Da ya ga dama da yanzu yana wata ƙasa cikin sanyi. Sai ya tattara ya dawo Dutsi, ya kama ɗaki, ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ta zauna kusa da shi. Inna muke ce mata, mu duka.

Ni lokacin malamar lissafi ce ƴar kontiragi a wani kolej a Tibiri. An kawo wa makarantar kwamfutoci, suka shekara cikin kwali don ba wanda ya iya tada su. Aka kira shi. Ina tsaye ina kallon yadda yake haɗa wayoyi, na yi masa wata tambaya, ban ma tuna ta ba yanzu. Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Malama, ke da kin iya aljabra, mi ya hana ki rubuta kod?"

Na ce, "Mi ne ne kod?"

Ya yi dariya har ya zauna bisa kwali.

Asabar ta gaba sai ga shi a babur da wata tsohuwar kwamfutarsa. Harafin "a" ya fita, ya manna guntun roba a wurin. Ya ce in riƙe. Daga nan kusan kowace Asabar yana zuwa daga Dutsi har Tibiri, mu zauna ƙarƙashin iccen dogon yaron makaranta, ya koya min, ya sha ruwan randa, ya koma. Ko sau ɗaya bai taɓa nuna min ya gaji ba, sai dai in na maimaita kuskure sau uku, sai ya dafe kai ya ce, "Haba Malama, ɗalibanki ba su yi miki haka."

Ranar da ƙaramar manhajata ta farko ta yi aiki, mai fitar da sakamakon jarrabawar ajina, ya ce, "To daga yau ke abokiyar aiki ce. Ki bar ce min Malam." Daga ranar na koma ce masa Yaya.

A ƙarƙashin iccen nan ya fara gaya min abin da ke ransa.

Ya ce, "Mutanen ga da nika aiki da su shekara da shekaru, ban san ko dogaye ne ko gajeru ba. In na mutu yau, cewa za su yi rezon intanet ne ya yanke. Ina son in tara su gida guda. Mako uku. Mu ci tukunya guda, mu yi aiki tabarma guda."

Na ce ya yi a Yamai mana, ko Kotonu, inda akwai wutar lantarki da otel.

Ya ce, "A'a. Nan. Su zo su ga inda muke."

Kowa ya ce masa hauka ne. Ya yi.

Ya kama hayar wani babban gida a gindin dutsi. Ya sa pano na wutar hasken rana a rufi, ya kafa dogon ƙarfe ya ɗaura eriyar intanet a kai. Ya sayo tabarmi da katifu da gidajen sauro. Wata biyu yana rubuta wa mutane ɗaya bayan ɗaya, yana bayyana musu wace mota za su shiga daga Yamai, wace allura za su yi kafin su taso, me za su sa don kada a dube su a gari. Da kansa yake zuwa tasha tarbar kowa.

Kuma sun zo. Wallahi sun zo. Biyu daga Senegal, wata ƴar Ghana, wani ɗan Tunisiya, samari daga Sakkwato, wani Bajamushe da rana ta mayar ja kamar tattasai cikin kwana biyu. Da kuma Paskal, ɗan Kotonu, wanda ya sauka da jaka ɗaya, ba aiki, ba katifa. Arzika ya ba shi tasa ya koma tabarma. Daga baya ma shi ya haɗa shi da kamfanin da ya fara ɗaukarsa aiki. Ku riƙe sunan nan.

Dokar gidan kaɗan ce. Kowa yana da ranar girki. Kowa yana da ranar da zai koya wa sauran wani abu da ya iya. Wanda ya ci ya wanke kwanonsa, ko shi waye. Maza a babban gida, mata kuma gidan Inna muke kwana, katanga ɗaya ce tsakani, kuma Inna da hannunta take rufe ƙofarta bayan isha'i.

Ranar girkin Bajamushen nan Inna ta ba shi turmi da taɓarya ta ce ya daka hatsi. Ya daka sau biyar ya zauna yana haki. Inna ta ce, "Wanga da yatsu kaɗai yaka aiki." Aka fassara masa, ya yi dariya har da hawaye. Ƴar Ghana ta koyi haɗa kopto, zogale da ƙuli, ta ce in ta koma sai ta buɗe shago.

Da sassafe mu hau dutsi, mu zauna mu ga garin gaba ɗaya, da babbar hanya, da gonaki har iyakar gani. Mu sauko mu buɗe kwamfutoci. Aikin da muka sa gaba shi ne manhajar rijiyoyi: a san a wane ƙauye famfo ya lalace, tun yaushe, don mai gyara ya san inda zai nufa. Arzika ne ya rubuta ƙashin bayanta. Har Dogon Kiriya ya je a motar kasuwa yana rubuta rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabta kuwa kullum wayoyinsu na jere a zaurenmu suna shan caji. Bai taɓa hana kowa ba.

Na kwanta zazzaɓi a zaman farko. Inna ce take ɗumama min ruwan wanka, shi kuma ya hana kowa buga ƙofa da ƙarfi. Da na warke ya ce, "Kin ci bashin ranar girki, Malama, kada ki ce na manta."

Haka aka yi sau uku, shekara uku. Gurup ya girma. Waɗanda suka zauna gidan suka riƙa samo wa juna aiki, suna sauka gidajen juna in tafiya ta kama. Ni kaina na bar koyarwa na koma rubuta manhaja. Duk abin da nake ci yau daga gidan nan ya fito.

Ba zan ce muku waliyyi ne ba. Arzika yana da zafin rai, kuma bakinsa ba ya da linzami. In ya ga yana da gaskiya ba ya duba wanda ke tsaye.

Akwai abokinsa tun lise, Bashiru, mai shagon wayoyi da batura kusa da tasha. Wurinsa ya sayi baturan pano. Biyu suka mutu cikin mako guda, ana tsakiyar aiki. Arzika ya ɗora su a babur ya kai shagon, da baƙi biyu a bayansa, kasuwa cike. Ya ce, "Bashiru, kai ɓarawo ne ko jahili? Zaɓi guda." Mutane suka fashe da dariya.

Na ce masa, "Yaya, ka koma ka ba shi haƙuri. Gaban mutane ne fa."

Ya ce, "Ni in ba shi haƙuri? Shi ya sayar min da gawa."

Bai je ba. Kuma a zama na uku bai kai baƙi gaisuwa wurin mai unguwa ba kamar yadda ya saba, ya ce ba lokaci. Waɗannan laifinsa ne, na faɗa. Ku auna su da abin da ya biyo baya.

Kun san yadda ƙasa ta juya, aka koma kallon duk baƙo da wutsiyar ido. A zama na huɗu Turawa ba su zo ba, sai mu ƴan Afirka. Duk da haka, cikin mako na biyu wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyin gari. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma duk wanda ya taɓa sayen caja a tasha ya san muryar.

Wai eriyar nan da jiragen sama take magana. Wai muna zana taswirar rijiyoyin Arewa muna sayar wa abokan gaba. Wai maza da mata ɗaki ɗaya muke kwana. Ya ce, "har da wata malamar lakkol ƴar Tibiri da ta aje alli ta tare can."

A ƙofar masallaci babana ya ji saƙon, a wayar wani, mutane na kewaye.

Na ce wa Arzika mu tsaya, mu sallami kowa. Ya ce, "In mun tsaya mun yarda ke nan. Wanda ke son ya ga abin da muka yi ya shigo, ƙofa buɗe take."

Sun shigo.

Da safe ne, muna shan kunu da ƙosai a tsakar gida. Motoci biyu, masu kaki. Suka kwashe kwamfutoci, suka sauke eriya, suka ce wane ne mai gida. Ya miƙe da kofinsa a hannu.

Unguwa ta fito kallo. Mutanen da wayoyinsu ke jone a zaurenmu a daidai lokacin. Wani ya shigo ya cire tasa ya koma cikin ƴan kallo. Da aka tura Arzika cikin mota na ji wani ya tafa. Ba mutum ɗaya ba.

Ya leƙo ya ce, "Zalika, ki kula da baƙina. Kada wanda ya tahi da yunwa."

An yi mana tambayoyi aka sake mu da rana, aka ce baƙi su bar gari. Kafin la'asar mun cika mota guda. Inna ta riga ta dafa shinkafa da wake na mutum goma sha wani abu, ta fito da tukunyar har ƙofa tana cewa, "Ku ci ko loma guda, ɗiyana." Ba wanda ya tsaya. Ni rakiya na ce zan yi zuwa tasha. Da direba ya tada mota na ga akwai wuri, na shiga.

Ban ko yi wa Inna sallama ba.

Kwana goma sha biyu ya yi a hannunsu. Aka sake shi, ba a same shi da komai ba. Ya fito kunnensa na hagu ba ya ji, yana zubar da ruwa. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya faru a ciki ba. Ya iske mai gidan haya ya fitar da kayansa waje, an farfasa pano da duwatsu. Kamfanin da yake wa aiki ya nemi wani tun mako na farko. Inna kuma mata suka daina amsa gaisuwarta a rijiya, ta tattara ta koma Dumega. Ya bi ta.

Wanda ya tura saƙon muryar bai tura na biyu ya ce an sake shi ba.

Wannan na mutanen gari ne. Yanzu ga namu.

Bayan wata biyu aka kira taron gurup ta bidiyo. Paskal ne ya jagoranta. Ya yi magana mai daɗi, cikin sanyin murya. Ya ce kamfanonin da ke tallafa mana suna tambaya. Ya ce sunan wanda aka kama da zargin leƙen asiri zai hana mutanenmu samun biza. Ya ce a mayar da zaman bakin teku, a cire Arzika daga masu tafiyar da gurup, a sauke sunansa daga shafinmu, a rufe masa hanyar shiga kod ɗin rijiyoyi. Na ɗan lokaci ne, in ji shi. Kuma don lafiyar Arzika ne.

Arzika yana cikin taron. Daga Dumega, yana tsaye a wani tudu bayan gari inda ake kama rezo, da wayar Hajara. Hotonsa na tsayawa yana motsi. Ya fara magana da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa, maganar na yankewa. "Ku bari in... ni ne na... ba a same ni da..."

Paskal ya kashe masa mikro. Ya ce ƙarar iska ta yi yawa.

Sai Arzika ya rubuta a gefen saƙonni: "Ina jin ku da kunne guda, amma ina ji."

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu.

Na ɗaga.

Kada ku nemo min uzuri, na san dalilina. Paskal ya yi min alkawarin haɗa ni da wani aiki. Kuma ina son sunana ya yi nisa da saƙon muryar nan, ina son babana ya koma zaman ƙofar masallaci. Na ɗaga hannuna har sama, kamar ɗalibar da ta san amsa.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, ƴar Ghanar nan. Ta ce, "Kun ci abincin uwarsa." Ta fita daga gurup a ranar, ba ta sake dawowa ba. Yau ba ta ɗora hoton kowa ba. Kirana ta yi, ta yi kuka, ta kashe waya.

Aka sake rubuta tarihin shafin: "wasu abokai ne suka fara wannan tafiya a Sahel." Akwai hoton zaman farko, mu duka a tsakar gida, shi yana can gefe riƙe da farantin abinci don shi ya fito da shi. Aka yanke shi. Wanda ya yanke bai ma yi aikin da kyau ba, hannunsa da farantin suka rage a bakin hoton. Shekara biyu hoton nan na kan shafinmu, kowa na gani.

Zama na gaba a bakin teku aka yi. Gida mai sanyaya ɗaki, da kuku, da mai wanke kwanuka. Na je. Na ci kifi, na yi dariya, na ɗora hotuna. An nuna manhajar rijiyoyi a wani babban taro aka yi ta tafi. Ba a ambace shi ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da rani ne, ranar kasuwar Tibiri. Na zo sunan ɗiyar yayata. Ina ratsa layin masu wayoyi sai na hango shi a wata rumfar kara, da ɗan tebur da fitila da ƙarfen liƙi, yana gyaran wayar wata tsohuwa. Ya rame. Akwai auduga a kunnensa.

Na ja mayafi na juya.

"Malama!"

Da ƙarfi ya kira, har mutane suka waiwayo. Ba yadda zan yi, na je. Ya share min benci da hannun rigarsa, ya aika aka kawo min ruwan sanyi. Ya ce in zauna ta damansa.

Ya tambaye ni aiki, wane yaren kod nake amfani da shi yanzu, ko har yanzu ina manta rufe alamar baka a kod. Ya tambayi ƴan Senegal, ya tambayi Bajamushe. Ya ce, "Can bakin ruwan, kowa na da ranar girki?"

Na ce akwai kuku.

Ya ci gaba da kwance wayar.

Na ce, "Yaya, ranar taron nan..."

Ya ce, "Na ga hannunki. Rezo ya tsaya daidai lokacin, hoton ya daskare. Na daɗe ina kallonai."

Na ce ya yafe min.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Zalika. Ban yahe ba tukuna. Ina ƙoƙari. Na Bashiru ya hi min sauƙi, don shi na zage shi."

Sannan ya ce abu ɗaya yake so. A mayar da sunansa cikin kod ɗin rijiyoyi, ko da ba a buɗe masa hanyar shiga ba. Akwai wani aiki da yake nema, sun ce ya nuna abin da ya taɓa rubutawa, kuma duk abin da zai nuna yana cikin kwamfutocin da ba su dawo ba, ko a hannunmu.

Ya ce, "Suna kawai. Layi guda ne, kin sani."

Na ce, "Zan yi magana da su, Yaya."

Ya ce, "To, Allah shi ba da iko." Ya miƙa wa tsohuwar wayarta.

Ban yi magana da kowa ba. Na ce sai bayan wani taro, kada in ɓata wa Paskal. Bayan taron na ce sai na dawo daga tafiya. Ina da ikon gyara layin da kaina, tun tuni nake da shi. Wata bakwai ke nan.

Yau bayan wayar Hajara na buɗe kwamfuta na rubuta sunansa. Ko minti biyu ban yi ba.

Hajara ta ce kunnen ne ya tashi masa bayan an gama noman farko. Zazzaɓi, ciwon kai, ya daina gane mutane. Ruwa ya ɓata hanya, mota ba ta shiga, suka ɗora shi a amalanke za su kai shi asibiti a Tibiri. Ba su kai ba. Ban ce dukan ne ya kashe shi ba, ni ba likita ba ce, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da ta faɗa min ke nan na faɗa muku.

Ta ce Bashiru ya zo jana'iza. A sahun gaba ya tsaya.

Na roƙe ta ta ba Inna waya. Na daɗe ina jin motsi kafin ta karɓa.

Ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Zalika ce, Inna. Ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri sai ma'abucinai. Zalika ta Tibiri?"

Na ce ni ce. Na ce ina son in taho gobe in yi mata gaisuwa, kuma wasu daga cikin abokansa na waje suna tambaya ko za su iya zuwa, ko su aiko da wani abu.



Ta ce, "Ki ce musu na gode. Ba ni da wurin saukar baƙi yanzu."

Na ce, "Ni fa, Inna?"

Ta ce, "Ke ma."

Ta miƙa wa Hajara wayar.

Don Allah kada wanda ya rubuta min a ƙasa cewa ba laifina ba ne, ko in daina zargin kaina. Ba shi na zo nema ba. In kuna da abin rubutawa, ku rubuta masa addu'a.

Ya Allah, ga bawanka Arzika ya zo gare ka. Ka gafarta masa zafin ransa da kaifin harshensa. Ka karɓi duk ruwan da ya shayar da duk abincin da ya ciyar. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka saukar da shi masauki mafi kyau a Aljanna Firdausi. Ka ba Inna da Hajara haƙurin da mu ba mu taya su ɗauka ba. Haƙƙinsa da ke wuyanmu, wanda ya tafi bai gama yafewa ba, kai ka san yadda za ka yi da mu.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, yau Juma'a ce. Kafin rana ta faɗi ku ɗaga hannu ku ambaci sunansa, Arzika ɗan Dumega, ku roƙa masa rahama.

Allah shi jiƙan ka, Yaya. Amin.